Ina son sanin asalinmu, amma ban san ta inda zan fara ba

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makarantar sakandare ce a Kaduna, shekaruna 29. Mahaifina ya rasu bara, kuma sai a zaman makoki, da na ga mutane suna ta zuwa daga Kano da Bebeji ana ce mini wannan baffanku ne, wancan ɗan gwaggon babanku ne, na gane cewa ban san komai game da gidanmu ba in ban da sunan kakana. Abin da na taɓa ji daga bakin mahaifina shi ne kakansa falke ne mai zuwa Gwanja sayo goro, kuma wai akwai ƙanin wannan falke da ya zauna can bai dawo ba, zuri'arsa suna Kumasi ta ƙasar Gana. Manyan da suka rage su biyu ne: gwaggona, yayar mahaifina, wadda take cikin birnin Kano kuma ta haura shekara tamanin, sai baffana. Da na tambayi baffa sai ya ɓata rai, ya ce me zan yi da tone-tone, in bar matattu su huta. Wata ƙawata ta ce in aika yawuna ƙasar waje a yi mini gwajin ƙwayoyin halitta, wani abokin aikina kuma ya ce in je gidan adana takardun tarihi da ke nan Kaduna. Ta ina zan fara? Kuma shin abin da nake son yi rashin kunya ne ga manya?

'Yarka daga Kaduna.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Abin da kike son yi ba rashin kunya ba ne, domin a cikin hadisin da Tirmizi ya ruwaito an umurce mu da mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi, kuma ke da kanki kin ga amfanin hakan ranar da kika zauna a tsakiyar 'yan'uwanki na jini kina kallonsu kamar baƙi. Abin da aka hana shi ne alfahari da asali da kuma sukar asalin wani. Amma game da inda za ki fara, ƙawarki da abokin aikinki duk sun nuna miki nesa alhali abin yana kusa. Gidan adana takardu yana nan baɗi, yana nan baɗin baɗaɗa, haka masu gwajin yawu ba za su tashi daga kasuwa ba. Gwaggonki ce ba ki da tabbacin za ki same ta, ko ki same ta da cikakken tunaninta, nan da shekara biyu. Rai a hannun Allah yake, yaro ma yakan riga tsoho, amma a lissafin mai hankali ita ce farkon tafiyarki, kuma hutun makaranta mai zuwa ya kamata ya same ki a ɗakinta.

Na ce gwaggo ban ce baffa ba, kuma ba don ɓacin ransa kaɗai ba. A gidan Bahaushe maza sukan riƙe jerin sunayen iyaye maza da labarin sarauta ko sana'a, amma sauran duk a hannun mata yake: wace aka auro daga wane gari, wace ta fita ta bar ɗa, wa ya sha nonon wa, gidan wa ake kai tuwon sallah, wa ake kai wa gudummawa idan biki ya tashi. Macen da ta shekara sittin tana zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa ta san rassan dangi fiye da duk wani namiji a gidan, domin aikinta ne ta sani, in ba haka ba ta ji kunya a gaban 'yan'uwa.

Kada ki je mata da biro da takarda kina jera tambayoyi kamar mai ƙidayar jama'a, domin tsoho yana ganin haka sai ya tsuke baki. Ki je a matsayin 'yar ɗan'uwanta da ta zo kwana biyu, da ɗan goro da turare da zane, ki taya ta aiki, ki bar hira ta zo da kanta bayan sallar isha'i ko da hantsi idan gida ya yi shiru. Ki nemi izininta kafin ki ɗauki murya da waya, ki gaya mata don jikoki kike yi, sannan ki ajiye wayar gefe ki manta da ita. Idan kika ce mata a wace shekara aka haifi babanta, amsar da za ki samu ita ce Allah ne masani, hira kuma ta ƙare. Amma idan kika ce wa ya riƙe ta tana ƙarama, ko mata nawa ta tarar a gidan kakanta, ko wace ce ta raka ta ɗakin miji, ko wane irin tsaga ke fuskar babanta, to kin buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba sai dare ya raba. Idan ta kauce ta shiga labarin wata kishiya da ta mutu tun kafin a haifi mahaifinki, kada ki katse ta, domin a cikin irin wannan kaucewar sunayen da kike nema suke faɗowa. Zama ɗaya ba ya isa. Abin da ta manta yau zai faɗo mata jibi tana alwala, saboda haka ki koma sau uku, sau huɗu, kina maimaita mata abin da kika ji don ta gyara.

Akwai kuma alkunya, wadda za ta tare ki tun a daren farko. Mace mai shekarunta ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na ɗan farinta ba, wataƙila ma ta kauce wa na mahaifinta da na surukinta, sai ki ji tana cewa Malam, ko mai gidan nan, ko mai sunan wane. Kada ki matsa mata. Ki jawo ɗaya daga cikin jikokinta masu wasa da ita, ko wata tsohuwa tsararta, su za su furta sunan ita kuma ta gyaɗa kai.

Duk abin da kika ji, ki rubuta shi a daren nan cikin littafi mai kauri wanda ba ya yin wani aiki sai wannan. Ki fara da kanki, sannan mahaifinki, sannan kakanki, kina komawa baya taki ɗaya bayan ɗaya, kowane mutum da shafinsa: sunansa na yanka, laƙabinsa, sunan uwarsa da garinsu, matan da ya aura, 'ya'yan kowane ɗaki, sana'arsa, inda ya zauna da inda ya rasu. Masu fara wannan aiki sukan yi kuskuren farawa daga sama, su ɗauko wani shahararren mutum da aka ce kakansu ne su yi ta ƙoƙarin saukowa daga gare shi, kuma wanda ya yi haka yakan ƙare da ɗaura kansa a jikin bishiyar da ba tasa ba. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne a gefen kowace magana ki rubuta wanda ya faɗa miki, da ranar, da kuma ko ganau ne ko jiyau. Maganar gwaggo a kan mahaifinta shaida ce ta wadda ta gani da idonta. Maganarta a kan falken nan, idan ba ta riske shi ba, labari ne da ta ji, kuma yana da daraja, amma darajarsa daban ce. Idan mutum biyu suka saɓa, ki rubuta duka biyun kada ki zaɓi wadda ta fi miki daɗi.

Sunaye ne za su fi wahalar da ke, don haka bari in daɗe a kansu. Mu ba mu gaji sunan gida da yake bin zuri'a ɗari bisa ɗari ba. Mutum yana amsa sunansa da na ubansa, jikansa kuma ya amsa wani daban, sannan da makarantar boko ta zo aka riƙa laƙaba wa yara sunan garinsu, wanda shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur. Saboda haka mutum biyu masu amsa Bebeji ba lalle su haɗa jini ba, 'yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya kuma suna iya amsa sunaye mabambanta a takarda. Bayan wannan, suna guda yana da fuskoki da yawa. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba. Usman shi ne Shehu ko Mani, Umaru shi ne Sanda ko Faruku, Yusufu shi ne Maitama, A'ishatu ita ce Indo ko Shatu, Hauwa ita ce Kulu, Fatima ita ce Binta. Ni kaina na shafe fiye da shekara ina neman zuri'ar wani Habu da na rubuta a matsayin ƙanin kakan mahaifiyata Garba, har sai da wata tsohuwa ta yi dariya ta ce ai mutum ɗaya ne, dangin uwarsa suna ce masa Habu, dangin ubansa suna ce masa Garba. Akasin haka ma yana faruwa, domin gida ɗaya yana iya samun Muhammadu huɗu tsakanin kaka da jika, kowanne an mayar masa da sunan na gabansa, ana kiransu Abba ko Baba ko Baffa don sakayawa, kuma idan ba ki yi hattara ba sai ki dunƙule kaka da jika su zama mutum ɗaya.

Laƙabi kuwa shaida ce da ba a biya ko kwabo. Ɗanladi da Ladi, Ɗanjuma da Jummai, Talatu, Laraba da Balarabe, Asabe, duk suna faɗin ranar haihuwa. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande ko Delu mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Azumi an haife ta cikin watan azumi, Auta shi ne na ƙarshe. Idan aka ce miki kakanki Tanko ne, to akwai yayye mata a gabansa ko da ba wanda ya ambace su, sai ki tambaya ina suka yi aure. Idan kika ci karo da Dikko ko Sambo, sunayen da Fulani suke ba ɗan fari da mai bi masa, to ki tambaya ta wane ɓangare suka shigo gidan.

Ki kuma yi hattara da kalmar ɗan'uwa da kalmar baba, domin a bakinmu suna da faɗi. Wanda aka ce ɗan wane ne yana iya zama ɗan riƙo da aka ɗauko daga gidan ƙanwa ko aminin uba, yana iya zama agola da uwarsa ta zo da shi, yana iya zama almajiri ko wanda barantaka ta haɗa su ya girma a gidan har ya zama ɗan gida. Tambayar da take warware wannan cikin ladabi ita ce: wace ce ta haife shi, kuma 'yan ɗakinsu su wane ne?

Shekaru kuma ba a samunsu kai tsaye, sai an bi ta kan abubuwan da suka faru. Kada ki amince da ranar haihuwar da ke jikin takardar rantsuwar shekaru ko fasfo na tsofaffi, domin yawancinsu ƙiyasi ne, shi ya sa za ki ga mutane da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu. Tsohon Bakano yana auna lokaci da sarakuna da annoba da yunwa. Yaƙin basasar Kano tsakanin Tukur da Yusufawa ya faro a 1893, Turawa sun ci Kano a farkon 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Sarki Abbas ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, Usman daga 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953, Ado Bayero kuma ya hau a 1963. Babbar yunwar da ake kira Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce, annobar mura ta 1918, yunwar 'Yar Buhu ta 1927, ko da yake sunayen yunwa suna sauyawa daga gari zuwa gari, don haka ki tambaya wace ake nufi. Ga zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, ga kisan Sardauna a Janairun 1966, ga canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. Idan gwaggo ta ce an yi mata aure shekarar da Sarauniya ta zo, kuma tana da kamar shekara goma sha huɗu a lokacin, to kin sami shekarar haihuwarta da kuskuren da bai wuce shekara biyu ba. Idan kuwa kika ga kwanan wata na Hijira a wata takarda, ki cire uku cikin kowace ɗari na adadin, ki ƙara 622, za ki faɗa kusa da shekarar Miladiyya: 1350 ta Hijira, alal misali, ta yi daidai da 1931 zuwa 1932.

Wannan lissafi zai ba ki damar gwada labarin falken. Wadda ta haura tamanin an haife ta wajejen Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifinta zai iya zama haifaffen farkon zuwan Turawa, kakanta kuma wajejen 1860 zuwa 1880, ko ma kafin haka idan ya haifi ɗansa da tsufa, abin da ba baƙo ba ne a gidan mai mata huɗu. Wannan kuwa shi ne ƙarshen zamanin ayarin goro, lokacin da madugu yake jan ɗaruruwan mutane da jakuna daga ƙasar Hausa, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga ta ƙasar Gwanja, inda goron Asante yake fitowa kasuwa. Bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874 kasuwar Salaga ta fara raguwa, yaƙin basasar da aka yi a garin a 1892 kuma ya watsa baƙin 'yan kasuwa zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa, daga bisani zangon Kumasi ya cika da su. Saboda haka labarin ƙanin da ya zauna bai dawo ba ya dace da zamaninsa, kuma irinsa ya faru ga gidaje masu yawa. Ambaton Bebeji ma yana da ma'ana, domin fataucin goro ya fi ƙarfi a hannun Agalawa da Tokarawa, waɗanda malaman tarihi suke danganta tushensu da ƙasar Azbin, da kuma Kambarin Barebari, masu tushe a Barno. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, Ba'agale ne kuma da goro ya fara. Ki tambayi gwaggo ko ta taɓa jin an kira gidanku da ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, da kuma su wa kuke wasan barkwanci da su, domin wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko Gobirawa da Yarabawa, yakan tuna asalin da baki ya manta. Sai dai ina roƙonki kada jin Bebeji da goro ya sa ki fara ƙirga kanki cikin dangin attajirai, domin garin ya fitar da fatake da yawa waɗanda ba su haɗa komai da juna ba sai hanya.

Kafin ki bar gidan gwaggo ki nemi a buɗe miki tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe, idan akwai. Maƙabartunmu ba sa taimakon mai bincike, tun da ba mu saba kafa dutse mai suna da shekara a kan kabari ba, amma gidajenmu suna ɓoye takardu fiye da yadda muke zato: tsohon fasfon aikin hajji, rasit na haraji, takardar cinikin gida ko gona da sunayen shaidu, takardar rabon gado daga kotun alƙali wadda takan jera magada ɗaya bayan ɗaya, wasiƙun ajami, hoto mai tambarin mai ɗauka a bayansa. Idan gidan na malamai ne, ki duba farko da ƙarshen Alƙur'ani rubutun hannu da littattafan da ke cikin gafaka, domin malamai sukan rubuta haihuwa da mutuwa a can, mai kwafar littafi kuma yakan sa sunansa da na ubansa a shafin ƙarshe. Kada ki ɗauke komai daga gidan, domin ɗaukar takardar gida ko ta gona tana iya tayar da zargin da ba ki yi niyya ba. Ki ɗauki hoto gaba da baya, ki mayar, sannan ki nemi wanda ya iya karatun ajami da tsohon rubutun Larabci irin namu ya karanta miki.

Sai bayan duk wannan zuwa gidan adana takardu zai yi amfani, domin a lokacin kina da suna da gari da zamani a hannunki. Ki sani cewa abin da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yawancinsa takardun mulki ne: rahotannin Razdan da Di'o, rahotannin kimanta haraji na gundumomi, takardun En'e da na kotuna, an jera su lardi lardi. Za su gaya miki su wane ne hakimai da dagatai, waɗanne ƙabilu ne suka zauna a wane ƙauye, wace sana'a ake yi, amma da wuya su ambaci talaka da sunansa sai idan shari'a ko sarauta ta biyo ta kansa. Gidan Arewa, wanda yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello kuma aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, yana nan kusa da ke, da littattafai da kundayen bincike na ɗalibai, kuma sau da yawa kundin wani ɗalibi a kan tarihin gari guda ya fi amfani ga mai irin aikinki, domin a ƙarshensa akan jera tsofaffin da aka yi hira da su. A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa. Amma kafin su duka, mai unguwa da limamin tsohuwar unguwarku da wanzamin da gidansu ya gaji yi wa gidanku aski da tsaga sun fi kusa da amsar. Maroƙi ma ya san jerin kakanni, sai dai ki tuna cewa sana'arsa yabo ce, ba ya ambaton wanda ba a so a ji.

Yanzu ga baffanki. Ruwa ba ya tsami banza, kuma dattijo ba ya fushi da tambayar asali sai da dalili. Yana iya zama tsohuwar rigimar gado ce yake tsoron ki tayar, yana iya zama wani aure ko wata haihuwa da aka rufe, yana iya zama kuma maganar bauta, wadda ya kamata in faɗa miki ita a fili tun da mutane suna kauce mata. A ƙarni na 19 bayi suna da yawa ƙwarai a ƙasar Kano da sauran ƙasashen daular Sakkwato, a gandaye da rinji da cikin gidajen attajirai da sarakuna, kuma ƙwarƙwara ta haifi 'ya'yan gidaje manya da dama. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na 1901 ɗa ne ba bawa ba, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai a 1936, wato zamanin da iyayen gwaggonki suke da ƙarfinsu. Duk wanda ya tona asalinsa da gaskiya yana iya samun wanda aka bautar, ko wanda ya bautar da wasu, ko duka biyun a gida ɗaya. Wannan ba abin kunya ba ne ga wanda aka zalunta, amma har yau akwai gidajen da ake fasa aure saboda shi, don haka tsoron dattijo ba wauta ba ne. Ban ce wannan ne dalilin baffanki ba, kuma kada ki je masa da zato. Ki bar shi yanzu, ki ci gaba da gaishe shi kamar yadda kika saba. Idan kin tara abin da kika tara, ki kai masa shafin mahaifinsa ki ce ya duba ko kin yi kuskure, domin dattijon da ya ƙi amsa tambaya da wuya ya iya ganin kuskure a kan ubansa ya yi shiru. Idan kuma ya buɗe miki wani sirri, ki ɗauke shi amana: abin da ya shafi mutuncin rayayyu ba a sa shi a dandalin WhatsApp na dangi, kuma ba kowane abin da kika sani ne za ki rubuta a kwafin da za ki raba ba.

Ta ɗaya gefen kuma za ki ji labarai masu daɗi, cewa kakanku na farko daga Gabas ya zo, ko daga Yaman, ko sharifi ne. Ki rubuta su da girmamawa a matsayin abin da gidanku yake faɗa game da kansa, amma ki auna su. Tsakaninmu da zamanin Sahabbai fiye da shekara 1400 ne, wanda yake buƙatar kakanni fiye da arba'in, don haka salsalar da ta kai can da sunaye goma ta tsallake mutane da yawa a hanya. Yawancin gidaje, idan ba na sarauta ko na manyan malamai ba, iyakar abin da za su iya tabbatarwa shi ne kakanni huɗu zuwa shida, kuma wanda ya kai haka da hujja ya yi aiki babba.

Gwajin ƙwayoyin halitta ba zai ba ki sunan kowa ba. Abin da yake yi shi ne kwatanta ki da mutanen da kamfanin ya riga ya tara samfurinsu, sannan ya ce kaso kaza daga yankin kaza, kuma mutanen ƙasashenmu kaɗan ne a cikin waɗannan rumbuna, don haka amsar takan zo da faɗi ƙwarai. Ba zai haɗa ki da 'yan'uwanki na Kumasi ba sai idan su ma sun yi gwajin a wuri ɗaya, bin layin iyaye maza zalla kuma sai da samfurin namiji daga gidanku. Ga tsada, ga shi bayanin jininki zai zauna a hannun wasu. Kuɗin ya fi amfani a motar Kano.

Game da Kumasi, kada ki yi saurin tafiya. Ki fara samo sunan ƙanin falken na yanka da laƙabinsa, da sunan ko da mutum ɗaya daga 'ya'yansa, da lokacin da aka yi musu ganin ƙarshe, ko wani ya taɓa zuwa gaisuwa ko aiko wasiƙa. Ki tambayi gwaggo musamman ko wasu baƙi daga Gana sun sauka a gidanku wajejen 1969 zuwa 1970, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takardun zama, domin mutane da yawa sun dawo Najeriya a lokacin, kuma mai yiwuwa wasu daga cikin waɗanda kike shirin nema a Kumasi suna Kano ko Legas tun tuni. Idan suna can har yanzu, hanyar ita ce ta Sarkin Zango da limamai da tsofaffin 'yan goro, waɗanda suka san gidajen Kanawa da na Katsinawa da na sauran baƙi, kuma 'yan kasuwar goro na Kano masu hulɗa da can suna iya kai miki saƙo kafin ki taka da ƙafarki. Muryar gwaggo kuwa, ranar da kika ɗauke ta ki tura kwafinta wurare biyu ko uku, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa da kika amince da shi, domin waya tana faɗawa ruwa kuma ana sace ta. Ki gaishe mini da ita idan kin isa, Allah ya ƙara mata lafiya.